Mun Karya a Najeriya, Mun Ci na Rana a Benin

A hutun ƙarshen zangon da ya wuce ina zaune a tsakar gida a Kaduna, autana ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Baba, mu fa mun gaji da zama. Babu inda za ka kai mu?" Na lissafa masa wuraren da na sani: wurin lilo, gidan askirim, babban kantin nan mai matattakalar da ke tafiya da kanta. Kowanne ya ce sun je. Yayyensa kuwa kowa ya duƙufa a kan waya, ko ɗago kai ba su yi ba. Na yi shiru, domin tambayar ta mayar da ni garin da ba mu da ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma ban taɓa jin yaro ya ce ya rasa wurin zuwa ba.

A Bagudo na tashi. Lokacin da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato a watan Agustan 1991 ina ɗan shekara 13. Abin da Allah Ya ba mu na yawo biyu ne, kogi da iyaka. Kogin Kwara, wanda ake kira Neja a littattafan makaranta, ta ƙasar Kebbi yake shigowa Najeriya, kuma gulbin da ya taho daga Sakkwato ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi a nan gabas da Illo yake zuba a cikinsa. In ka ƙetare ka wuce Ka'oje ko Illo, sai ƙasar Benin.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne zuwa kallon baƙin ruwa. Wanda bai tashi a bakin Kwara ba zai yi mamaki in aka ce masa kogin sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ta damina ce, wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwa mai laka kamar an dama fura, shi ne farin ruwa. Ta biyu tsakiyar hunturu take zuwa, lokacin da rabon sama da zubar da ko ɗigo an yi wata biyu ko uku. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, ciyawa ta bushe ƙayau, amma kogi yana ta hauhawa a hankali, ruwansa garau, mai duhu-duhu, shi ne baƙin ruwa. Sai da muka yi nisa a makaranta aka bayyana mana dalili. Ruwan daminar tsaunukan Gini ne, yakan shiga fadamun Masina na ƙasar Mali ya baje, ya yi watanni yana tsiyayewa, lakarsa ta kwanta a can, sannan ya biyo ta kusa da Tumbutu, ya wuce Gawo da Yamai da Gaya ya iso mana. Kafin mu ji wannan bayani, abin da muka sani kawai shi ne Allah Ya aiko ruwa ba tare da hadari ba.

Mu huɗu ne a lokacin: ni, da ɗan kawuna, da wani Bazabarme ɗan ajinmu, da ɗan Sarkawa wanda shi ne idonmu a kan duk abin da ya shafi ruwa. Ran Alhamis da yamma sai mu hau kekuna biyu, goyo-goyo, mu gangara bakin kogi da kara wanda muka yi wa tsaga-tsaga da wuƙa. Mu kafa shi daidai inda ruwa ya tsaya, kowa ya faɗi tsagar da yake ganin ruwa zai kai kafin mako ya zagayo. Wanda ya fi kowa kuskure shi zai ɗauko itacen gashin kifi, shi kuma zai tuƙa keke a komowa. Ɗan Sarkawa bai taɓa ɗauko itace ba. Yakan duba ciyawar burgu da ke yawo a kan ruwa, ya duba launin ruwan, ya ɗora yatsa a kan tsaga, kuma nan ɗin ruwan zai tsaya. Wasan yara ne, amma shi ya koya mini cewa kogi yana da lissafi, kuma akwai mutanen da ke karanta shi kamar allo.

In bazara ta yi, wajen Afrilu da Mayu, ruwa yakan ja baya har yashi ya fito a tsakiyar kogi, fari fat, shimfiɗe kamar filin idi. A nan muke yin abin da har yau in na ba abokan aikina labari sai su ce ƙari nake yi, wato kwana a tsakiyar Kwara. Ba a barinmu mu kaɗai. Mahaifin abokinmu ɗan Sarkawa, wanda dukanmu muke kira Baba, shi ke ɗaukarmu a jirginsa in zai kwana su. Kafin ya tura jirgi sai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ku zamna, ɗiyana. Wanda duk yat tashi tsaye cikin jirgin ga, ba ni ƙara ɗaukar shi." Ba mu taɓa gwada shi ba.

Guzurinmu tabarma ce da gishiri da yaji da ƙuli-ƙuli da ɗan garin rogo. Baba ya tsaya a goshin jirgi ya wurga birgi, ya buɗe a sama kamar laima kafin ya faɗa ruwa, ya jawo. Wani jefan ƙarfasa, wani kurungu mai ƙaya da ke gurnani in an kama shi, in an yi sa'a tarwaɗa ko ragon ruwa. Giwan ruwa sau ɗaya tak na ga ya kama a gabanmu, kuma bai bari mun taɓa ba, domin na kasuwa ne. Mu tona rami a yashi mu hura wuta, mu tsire kifi a kara, mu barbaɗa yaji. Na ci kifi a manyan otal na Abuja da Legas, ban sake jin wannan ɗanɗano ba.

Dare a kan yashi ba shiru ba ne. Murya tana tafiya a kan ruwa, sai ka ji masunta biyu suna hira da Dandanci ko Zabarmanci kamar a gefenka suke, alhali ko fitilarsu da ƙyar kake hangowa. Wani dare can tsakiya muka ji wani nishi mai kauri daga ƙasan ruwa, har cikin ƙirji. Muka tashi firgigit. Baba ko motsi bai yi ba, ya ce dorina ce, tana nesa, mu ƙara itace a wuta. Ya ce abu guda za mu riƙe har mu tsufa: in ta fito kiwo, kada mutum ya shiga tsakaninta da ruwa. Daga nan ya shiga ba mu labarin ayu, wanda Sarkawa ke girmamawa, ba kowa ke farautarsa ba, har barci ya sake kwashe mu. Da asuba muka yi alwala da ruwan kogi, ya ja mu salla a kan yashi mai sanyi, hazo na tashi daga ruwa ta kowane gefe.

Iyaka kuwa sai a 1994 na fara taka ta. A watan Janairun wannan shekara aka karya darajar sefa da rabi, 'yan kasuwarmu suka ga nairarsu ta ƙara nauyi a hayi, kowa ya ɗaura niyyar kasuwar Malanbil ta Benin. Kawuna yana cikinsu, muka yi ta roƙo har ya yarda ya tafi da mu biyu, ni da ɗansa, bisa sharaɗin mu za mu yi dakon kaya. Muka karya da koko da ƙosai tun duhu bai washe ba, muka hau bayan a-kori-kura a kan buhuna, muka ƙetare kogi a Tuga, muka bi ta Illo har Lolo.

A zuciyata na ɗauka iyakar ƙasa katanga ce mai tsawo da ƙofar ƙarfe. Abin da na tarar sanda ce an gitta a kan ganguna biyu, da 'yar rumfa, da jami'ai suna shan iska. Kawu ya sauka suka gaisa, aka ɗaga sanda. Muka yi 'yar tafiya muka shiga Madekali. Ga gidajen laka irin namu, ga rumbuna irin namu, ga mata suna daka, ga almajirai da allo. Na ce, "Kawu, yaushe za mu kai Benin ɗin?" Ya ce, "Kana cikinta tun ɗazu." Ko agogo ba a canzawa, lokacinmu ɗaya da su. Sai da na natsu na fara ganin bambancin: allon makaranta da Faransanci, hular jandarma, da dogon burodi mai ɓawo da ake ɗaurawa a bayan keke kamar itace.

Kasuwar Malanbil ta fi duk wadda na taɓa gani a lokacin. Albasa tsibi-tsibi, garin rogo daga kudu, doya, gishiri, atamfa. Hausa da Dandanci da Fulatanci da Yarabanci da Faransanci duk a layi guda. A nan lissafin kuɗi ya ɗaure mini kai. Mai burodi ta ce dala ashirin, na tsaya ina duban kuɗin da ke hannuna mai lamba 100, sai Kawu ya ce in miƙa mata, shi ke nan. A can da dala ake ƙirga, kowace dala sefa 5 ce, don haka abin da aka rubuta a jikin kuɗi daban, abin da baki ke faɗi daban, sefa 1,000 kuma jaka ce. Abincin ranarmu burodin nan ne da wagashi, cukun da matan Fulani ke yi da madarar shanu, su sa ruwan tumfafiya ya kama, su rina bayansa ja da karan dafi. Aka soya mana shi da yaji. Da la'asar Kawu ya kai mu gadar da ta haɗa Malanbil da ɓangaren Gaya, muka taka da ƙafa har muka sauka a ƙasar Nijar, ya sayi goro, muka juyo. Ƙasa uku a wuni ɗaya, da silifas. Da muka koma makaranta mun yi wata guda muna ba da labari, kuma ba wanda ya gaji da ji.

Daga baya, da na fara karance-karance, na gane abin da ya sa ban ga Benin ba alhali ina cikinta. Illo tsohuwar masarauta ce ta ƙasar Bargu, ita da Busa da Nikki, dukansu suna danganta asalinsu da Kisira. A 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Faris suka raba ƙasar: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka zauna wa Ingila, aka auna mil 10 daga Giris, mashigin Illo, aka ce nan ne iyaka a bakin kogi. Ba a tambayi Kyangawa ko Busawa ko Dandawa ko Fulanin da ke kiwo a wurin ba. Tun kafin wannan zama fataken Hausa suke ƙetare Kwara a wannan yanki da jakuna, su ratsa Bargu su nufi Gwanja sayen goro. Ashe hanyar da muka bi a bayan a-kori-kura kakanninmu sun riga sun taka ta da ƙafa. Ina ganin duk yaron da aka koya wa taswira a aji ba a kai shi ya ga sandar nan a kan ganguna ba, an rage masa rabin darasi.

A 2005 na yi aure. Mai ɗakina Bazazzagiya ce, kuma lokacin neman aure sai da danginta suka tambaya ko Bagudo a Najeriya take. Da na kawo ta gida ganin dangi, na ce zan kai ta kasuwar Tuga ta ruwa. Gwaggona ta riƙe baki ta ce, "Amaryar da ko wata ukku ba ta yi ba za ka kai bakin gulbi? Mi mutane za su ce?" A wurinmu miji ya fita da matarsa don kallo kawai, ba biki ba, ba asibiti ba, abu ne da ba a saba gani ba. Na lallashi Gwaggo, ta haɗa mu da ƙanwata, muka tafi.

Da jirgi ya bar gaɓa ta kama gefensa da hannu biyu. Ta ga yaro yana kwarfe ruwa da ƙoƙo ta ce, "Malam, ka tabbata jirgin nan ba ya yoyo?" Na ce kowane jirgin katako yana ɗan sha, aikin yaron ke nan. Ba ta saki ba sai da muka yi kiciɓis da abin da ni ma sau uku kawai na gani a rayuwata: Fulani suna ƙetarar da shanu. Makiyayi ɗaya ya shiga gaba yana iyo, ya ɗaure rigarsa a ka, yana kira, garke ya biyo shi a jere. Ba ka ganin komai sai ƙahoni da hanci da tozo, maruƙa suna manne da iyayensu, wasu samari a baya suna kora. Mai jirginmu ya tsayar da tuƙi har suka wuce, domin ba a ratsa su. Na waiga na ga ta saki gefen jirgi, ta dafa ƙanwata, tana ƙirga ƙahoni da ƙarfi. A kasuwa ta sayi bandar kifi ta kai wa mahaifiyarta Zariya. Shekara 20 ke nan, kuma in muka sami saɓani irin na zaman aure, sau da yawa labarin shanun nan ne ke fara dawo da hira. Ban ga abin da fitar nan ta rage wa mutuncin kowa ba, na kuma ga abin da ta ƙara wa gidana.

Yaran kuwa a 2018 na kai su, autan yana goye. Lokacin noman rani ya bunƙasa, tun bayan shirin ba manoman shinkafa rance da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. Fadamun da na sani da ciyawa sun zama kore shar, injunan ban-ruwa suna ta ƙugi. Yaran da suka ɗauka a buhu shinkafa take fitowa suka tuɓe takalma suka shiga laka har gwiwa. Muka kai Lolo, babbar 'yata ta canza naira ta karɓi 'yan sefa, har yau suna cikin akwatinta. Baba Basarke ya riga ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Ɗansa, abokina, shi ya tuƙa mu, yanzu da inji a bayan jirgi, kuma kafin ya tayar sai da ya dubi 'ya'yana ya maimaita musu maganar mahaifinsa ta tashi tsaye, bai canza ko kalma ba.

Ban san wannan ce fitar ƙarshe mai sauƙi ba. A watan Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba kuma aka hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Manoman shinkafa da yawa sun ji daɗin rufewar, ban musa ba, amma na san gidajen da 'yarsu ke aure a Madekali ko Segbana, zuwa suna ya koma sai an bi ta daji. A 2020 ambaliya ta shanye gonakin shinkafa a faɗin jihar, mutane suka kwana da fargaba a kan gadar Tuga. A Mayun 2021 jirgi ya nutse da mutane masu yawa a kusa da Wara, can ƙasan kogi, abin da ya sa iyaye da dama suka ɗauke ƙafar 'ya'yansu daga ruwa. Gadar da muka taka da silifas zuwa Nijar an toshe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai. Jakar sefa da muke rainawa yanzu ta fi naira 1,000 nesa ba kusa ba. Daga ƙarshen 2024 kuma sunan 'yan bindigar Lakurawa ya shiga bakin mutanen Kebbi, hanyoyin da muke bi da dare a kan keke suka zama sai an yi tambaya kafin a bi su da rana.

Kwana a kan yashi ya wuce, ni kaina ba zan bar ɗana ya yi shi yanzu ba. Amma ban yarda a ce komai ya wuce ba. Kogi yana nan, kasuwar Tuga tana ci, Sarkawa suna jefa birgi, matan Fulani suna kawo wagashi. Abin da nake tsoro shi ne mu da muka bar gida mu riƙa kawo yara ran salla kawai, su gaida kakanni daga cikin mota, su koma ba su san ta wace kusurwa kogin yake ba. Hakkin hukuma ne ta tsare hanyoyin nan, ta kuma sa ido a kan lodin jirage da rigunan kariya, domin mutanen bakin iyaka 'yan ƙasa ne kamar na Birnin Kebbi. Namu kuma shi ne kada tsoro ya sa mu yanke yaranmu daga ƙasarsu gaba ɗaya.

Daren da autana ya yi mini tambayar nan na kira abokina Basarke a waya, na tambaye shi lafiyar hanya. Ya ce da safe ana zuwa bakin ruwa lafiya, a dawo kafin la'asar, kuma shi zai gaya mini gaskiya in ranar ba ta zuwa ba ce. Na sayi rigunan kariya guda huɗu a nan Kaduna, na kuma sa yaron ya nemo kara ya yi masa tsaga da kansa.

'Yan'uwana 'yan Bagudo da Zagga da Ka'oje da Illo da ke zaune a Kaduna, Kano, Abuja ko Legas, in kun zo gida ku tambayi manya halin da hanya ke ciki, ku nemi mai jirgin da kuka sani, ku sa wa yara rigar kariya, ku fita da sassafe, ku tafi da iyayensu mata. Baƙin ruwa yana fara isowa ne wajen Disamba, daidai lokacin hutun makaranta.